Ummi, kan maganar ƙwallon kwandon nan

Ummi, na ga saƙonki bayan isha'i. Kin ce wata ƙungiyar ƙwallon kwando ta kira ki gwaji a Surulere, ƙawayenki kuma sun ce wai a al'adar Bahaushe budurwa mai yawan tsalle ba ta auruwa. Kina son sanin ko al'ada ta yarda mace ta riƙi wannan wasa sana'a. Na yi dariya sosai, amma da na kwanta sai barci ya ƙi zuwa.

Wa ya gaya musu haka? Mu da muka tashi a Zangon Agege, wacece ba ta yi tsalle ba? In farin wata ya fito muna dandali muna gaɗa, ki saki jiki ki faɗa baya, ƙawaye su cafe ki su cilla sama. Duk mun auru, mun haifa.

Bari in ba ki labari. A watan Janairun 1973 aka yi wasannin Afirka a nan Legas, a sabon filin wasa na Surulere, zamanin Gowon. A watan ne kuma naira ta fito. Kawu ya ce taro kasuwa ne, ya ɗora min farantin goro, muka shiga molue, babbar motar haya ta Legas, har Ojuelegba, muka ƙarasa a ƙafa. Hazo ya rufe gari, leɓe duk ya tsage. Rabin cinikin gardama ce: wannan ya miƙo sule, wancan ya miƙo sabon kwabo, Kawu na ta nanata cewa sule ɗaya kwabo goma ne, fam ɗaya naira biyu.

Can da la'asar sai ga wasu mata sun fito ta wata ƙofa, dogaye, baƙaƙe wuluk, sanye da riga da wando iri ɗaya. Faransanci suke yi. Ɗaya ta tsaya a kaina, ta zaɓi farin goro, ta ɓare, ta tauna kamar wadda ta saba. A hammatarta akwai ƙwallo. Da ta ga na kafa masa ido sai ta ɗora shi a kan ɗan yatsa yana juyawa, sannan ta buga shi a ƙasa ya taho wurina. Ban san lokacin da na dire faranti ba. Na cafe. Jikinsa kaushi-kaushi, ya fi yadda na zata nauyi. Na mayar mata, ta sake turowa, na sake cafewa. Sai ta kama hannuna ta gwada da nata, tafi da tafi, ta juya ta yi wa 'yar'uwarta magana, suka gyaɗa kai. Kin san irin hannun gidanmu, shi ne a jikinki. Kawu bai yi faɗa ba. Ya ɗauki farantin da kansa ya ce, "Mu tafi, magariba ta kusa."

Da dare na ba Hajiya kakarki labari, Allah ya jiƙanta. Ta ce, "Wasan budurwa na dandali ne, ranar da aka sa mata lalle ya ƙare. Abin da ke bin ta gidan miji sana'ar hannunta ce." Ba a daɗe ba aka sa min nawa lallen. Babu wanda ya hana ni, hanyar ce babu. Har yau in na gifta ta Surulere sai na ji wani abu ya taso min a ƙirji.

Ku kam hanya ta buɗe muku. Mfon Udoka ta ja D'Tigress, ƙungiyar ƙwallon kwandon mata ta Najeriya, zuwa Olamfik na 2004 a Girka, suka doke Koriya ta Kudu. A Faris a 2024 sun kayar da Ostireliya da Kanada, suka kai zagayen 'yan takwas, inda wata ƙasar Afirka ba ta taɓa kaiwa ba a wannan wasa, maza ko mata, kuma mace ce kociyarsu, Rena Wakama. A cikinsu akwai Murjanatu Musa, wadda ta fara a gasar cikin gida kafin ta wuce Sifen da Faransa. Maganar sutura ma, tun 2017 FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, ta yarda a rufe kai a filin wasa. Hakeem Olajuwon, haifaffen garin nan, da azumi a bakinsa ya riƙa bugawa a Amurka.

Abin da ya hana ni barci daban ne. Sana'ar da ke kan gwiwa gajeriya ce. Jijiya ɗaya ta tsinke, sai tiyata da jinyar watanni, kwantiragi kuma ba ya jiran kowa. Su waɗannan zakarun, a 2021 sai da suka fito a bidiyo suna kukan alawus ɗinsu. A 2022 rikicin shugabanci ya sa aka janye su daga gasar kofin duniya bayan sun ci gurbi da guminsu, aka ba Mali. Hajiya kan ce komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. In kin sauko kina shekara talatin da 'yan kai, me ke hannunki? Karatun nan kada ki sake shi.

Kuma Ummi, ya aka yi ƙawaye da waya suka riga babanki jin wannan magana? A da ko kitso yarinya za ta je ƙetaren titi sai ta yi sallama da na gaba. Yanzu sai kun gama shawara a WhatsApp sannan ku tuna da mu.

Ki zo ranar Juma'a da takardar da suka ba ki, kada ki sa hannu a komai. Ina son in san wa ke kwana da ku in an yi tafiya, wa ke biyan asibiti in an ji rauni. Babanki ƙanena ne, ni zan fara yi masa magana. Baffanku na Idi-Araba kuma sai mun je tare, shi ba a tarar sa da irin wannan ta waya.