Masu Ƙin Cin Kayan Dabba da Batun Zuma

Tambaya: Na ji Turawan da ba sa cin duk abin da ya fito daga dabba har zuma suke ƙi. To ai ba yanka ƙudan ake yi ba, mene ne laifinta? — Mai karatu daga Zariya

Amsa: Malama, ƙungiyarsu da Donald Watson ya kafa a Ingila a 1944 tana lissafa zuma cikin abin da ba sa ci. Hujjarsu ita ce abincin ƙudan ne, ya tara don lokacin da fure ya ƙare. Manyan masu kiwo sukan kwashe ta, su zuba wa amya ruwan sukari, awo 2 na sukari cikin awo 1 na ruwa, abin da bai kai zuma gina jiki ba. Wasu har datse wa sarauniyar ƙudan fiffike suke yi don kada ta tashi da jama'arta.

Sai dai a ganinmu hujjar ta fi ƙarfi a kan yadda ake ɗiba. Mai cinna wa amya wuta da dare yana ƙona ƙuda da ƙwai. Mai hayaƙi kaɗan, da ke yankar saƙar zumar da ƙudan ya rufe da kaki kawai ya bar ta 'ya'ya, ɓarnarsa ƙalilan ce. A Musulunci kuwa halal ce, Suratun Nahli aya ta 69 ta kira ta waraka. Mai son kauce mata yana iya amfani da ruwan dabino ko mazarƙwaila.