Bizar da ta dace da mai ziyartar maigidanta a Ingila

'Yar'uwa, kin tambaya wace biza za ki nema, tunda maigidanki yana aiki a Ingila kuma wata biyu kawai za ki yi a wurinsa. Bizar ziyara ce ta dace da ke. Tana ba da izinin zama har wata 6, kuma amsa takan fito cikin mako 3 bayan an ɗauki hoton yatsunki a Abuja ko Legas.

Babban abin da jami'in biza yake dubawa shi ne ko za ki dawo gida, don haka ki haɗa takardar aurenku, da wasiƙar gayyata mai ɗauke da adireshin maigida da shaidar izinin zamansa, da takardar hutu daga wurin aikinki, da bayanin asusunki na banki. Ina roƙonki kada ki yarda a zuba miki kuɗin aro ana gab da nema, domin kuɗin da ba a san asalinsu ba sukan jawo a hana mutum.

Wannan biza ba ta ba da izinin yin aiki a Ingila, kuma ba a mayar da ita ta iyali daga can; idan tarewa kike nufi, daga Najeriya za ki nemi waccan.