Tambaya da amsa: Ma'aikatana suna aiki daga gida, fasfo ɗin kastoma ya fita, wa doka za ta kama?

Tambaya:

Salamu alaikum Malam. Ina da ɗan kamfanin tikiti da biza da Umra a nan Kumasi, ofis ɗinmu yana Aboabo. Mu tara ne, biyar suna aiki daga gida tunda kuɗin haya ya tashi na rage ofis ya koma ɗaki ɗaya. Satin da ya wuce wata yarinya ma'aikaciyata ta tura hoton fasfo ɗin wani Alhaji cikin gurup ɗin WhatsApp na danginsu bisa kuskure, kafin ta goge mutane sun gani, har wani ya kira shi yana masa Allah ya kai lafiya, alhali shi ko iyalinsa bai gaya wa zai yi tafiya ba. Ya zo ya wanke mu tas. Yanzu ɗana ya ce in sa musu manhajar da take ɗaukar skirin da kyamara don in riƙa ganin abinda suke yi. Doka ta yarda da haka? Kuma laifin nan nawa ne ko nata? Daga Hajiya, Aboabo.

Amsa:

Wa alaikumus salam Hajiya, sannu da ƙoƙari, Allah ya kiyaye gaba. Bari in fara da wadda ba za ta yi miki daɗi ba. A idon doka kamfaninki ne mai riƙon amanar wannan fasfo, ba yarinyar ba. Dokar Kare Bayanai ta Ghana ta 2012, wato Act 843, tana kallon wanda ya yanke shawarar a karɓi bayanan mutane da abinda za a yi da su, ke ce nan, kuma ita dokar ta ɗora miki ki ɗau matakan da suka dace don kar bayanan su ɓace ko su faɗa hannun wanda bai kamata ba. Babu inda ta ce wannan nauyin ya sauka in ma'aikaci ya fita daga ofis. Kin rage haya amma amanar tana nan yadda take, sai ma dai ta rabu gida biyar, kuma gidajen nan ba ke ce da mukullinsu ba.

Toh kafin ki ga laifin yarinyar ki tambayi kanki, ta yaya fasfo ɗin ya shiga wayarta tun farko? Na san amsar don haka kowa yake yi a Zango, kastoma ya ɗau hoto ya turo ta WhatsApp a lambar da aka ba shi, lambar kuwa tata ce ta kanta, wadda take hira da ƙawayenta da gurup ɗin suna da na biki da na makarantar Islamiyya. Hoton Alhaji yana zaune a galari tsakanin hoton ɗinkin sallah da bidiyon wa'azi. Yatsa ɗaya ya zame shikenan. Kuma goge wa kowa da ta yi bai warware komai ba, wasu wayoyin sun riga sun sauke hoton, wani ma ya ɗau skirinshot. Abinda ya fi damuna ma ba wannan ɗayan bane, sauran ne. In yarinyar nan ta shekara biyu tana miki aiki, fasfo nawa da Ghana Card, wato katin shaidar ɗan ƙasa, nawa ne a wayarta yanzu haka, da kuma cikin Google ɗinta inda WhatsApp yake ajiye kwafi? Ranar da ta yi aure ta koma Tamale ko kuka samu saɓani ta bar aiki, duk da su za ta tafi, ranar da aka fizge wayar a kasuwar Kejetia kuwa sun koma hannun ɓarawo. Dokar nan ta hana riƙe bayanin mutum fiye da lokacin da ake buƙatarsa, wanda ya yi Umra ya dawo tun bara me fasfo ɗinsa yake yi a wayar wata?

Ni kaina na ga irin wannan da idona. Lokacin kullen korona da aka rufe Akra da Kumasi daga 30 ga Maris 2020 har sati uku, wani kamfani da nake wa aiki a lokacin ya sallami kowa gida da laftof, muna ta fama da VPN, wato rufaffiyar hanyar shiga kwamfutocin kamfani ta intanet, da lambobin sirri muna ganin mun toshe ko'ina. Bayan an buɗe gari na biya gidan wani abokin aiki a unguwar Nima ta Akra da safe, aka aiki yaro ya siyo mana koko da ƙosai, ƙosan ya zo a naɗe cikin takarda, ina buɗewa sai ga sunaye da lambobin waya a jere da tambarin kamfaninmu a sama, mai ya jiƙa rabi. Ashe ya firinta ne don idonsa na ciwo da skirin, ya gama ya tara a ƙarƙashin gado, ƙanwarsa ta kwashe ta ba mai ƙosan ƙofar gida a matsayin tsofaffin takardu. Wlh ban iya cin ƙosan nan ba. Tun ranar na daina fara bincike daga 'yan kutse, daga tsakar gida nake farawa.

Don gidajenmu ba irin wanda masu rubuta ƙa'idojin aiki daga gida suke hasashe bane, mai ɗakin karatu da ƙofa da ake kullewa. Gidan haya ne, ɗaki da falo, ko ɗaki ɗaya ma, yara na shiga na fita, ƙane yana aron laftof ya kalli ƙwallo, in dumso ya zo, wato an ɗauke wuta, ɗaki ya ɗau zafi sai a fito baranda da waya ana karanta wa kastoma lambar fasfo da ranar haihuwa da ƙarfi saboda netwok, maƙwabta na wanki suna ji. In caji ya ƙare a kai wayar shagon mai caji a bar ta can awa biyu ba ko lambar kullewa. Duk ƙa'idar da kika rubuta wadda ba za ta yiwu a irin wannan gidan ba, sa hannu kawai za su yi su ci gaba da yadda suka saba.

Yanzu maganar ɗanki. Na gane nufinsa amma kyamara kam a'a, kar ki soma. Ma'aikatanki su ma mutane ne masu haƙƙi a ƙarƙashin wannan dokar dai, kuma ta ce bayanin da za ki tara ya zama wanda ake buƙata, mai alaƙa da manufar, kar ya wuce kima. Ga kuma kundin tsarin mulki na 1992, sashe na 18, da ya kare sirrin gidan mutum da saƙonninsa. Kyamarar da ke kunne a ɗakin ma'aikaciya ba ita kaɗai za ta ɗauka ba, za ta ɗau mijinta da 'ya'yanta, da ita kanta ba mayafi, ke ma kin san abinda wannan yake nufi a wajenmu. Kin ga garin neman gyara gira an rasa ido. Sannan ki duba da kyau, da a ce manhajar tana nan ranar, me za ta hana? Ba komai. Kuskuren a wayar hannu aka yi shi cikin daƙiƙa biyu. Iyakacinta ta tara miki hotunan skirin cike da fasfo ɗin mutane a wani wuri na shida da ke ma ba ki san ƙasar da yake ba.

Sa ido da ya halatta yana nan, amma a kan kayan kamfani. Laftof na kamfani, imel na kamfani, layin waya na kamfani, kina iya ganin wa ya buɗe wane fayil da yaushe, muddin kin gaya musu a rubuce tun kafin a fara, kin faɗi abinda ake dubawa da dalili, sun karanta sun sa hannu. A ɓoye ne ba a yi. Wayar mutum ta kansa kuwa ba ki da hurumin bincikenta, shi ya sa ma bai kamata aikinki ya shiga cikinta ba.

In ni ne ke, kuɗin manhajar nan waya zan siya da su. Ƙananan wayoyi masu arha da layin da aka yi rajista da sunan kamfani, a sa WhatsApp Business, a kashe saukar hoto zuwa galari, a sa lambar kullewa da tabbatarwa mai mataki biyu, kuma babu gurup ɗin dangi a kai. Fasfo ya shigo, a ɗora shi a ma'ajiyar kamfani ɗaya wadda ke ce mai mukullinta, a goge daga wayar kafin a tashi aiki. Kowa da nasa asusun shiga da tasa lambar sirri, banda wannan ɗabi'ar ta lamba ɗaya da duk ofis suka sani har da wanda ya bar aiki shekaran jiya. Kuma ba kowa ne zai ga komai ba, mai yanka tikiti ba ruwansa da takardar banki ta mai neman biza. Firinta a gida a hana gaba ɗaya, abinda ya zama dole a buga a zo ofis, ai ɗaki ɗayan nan ya isa wannan. Ki haɗa musu da iyafis da ɗan fawa banki saboda baranda da mai caji. Kuɗin data kuma ke za ki biya, don in kin bar musu to duk wayfay ɗin da suka samu kyauta shi za su hau.

Akwai abu biyu da doka take jira daga gare ki yanzu. Na farko rajista, duk mai sarrafa bayanan mutane sai ya yi rajista da Hukumar Kare Bayanai kuma ana sabuntawa duk shekara 2, wanda ya ƙi yana iya fuskantar tara ko ɗaurin da bai wuce shekara 2 ba ko duka biyun. Ƙananan kamfanoni suna ɗauka abin na bankuna da MTN ne kawai, ba haka bane, mai riƙe da fasfo ɗin jama'a yana ciki dumu-dumu. In ba ki yi ba ki yi, in kin yi ki duba ko ta ƙare. Ɗayan kuma shine sanarwa, in akwai dalilin yarda cewa wanda ba shi da izini ya ga bayanin mutum, dokar ta ce a sanar da Hukumar da shi mai bayanin da zarar an samu hali. Alhaji ya riga ya ji a bakin duniya amma wannan ba sanarwa bace. Ki rubuta masa abinda ya fita, yaushe, mutum nawa ne a gurup ɗin, da matakin da kuka ɗauka, ki kuma ja kunnensa cewa in wani ya kira da sunan kamfaninku ya ce a turo cikon kuɗin biza ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, kar ya tura sai ya kira ki, don mai suna da lambar fasfo da ranar haihuwa a hannu yana iya yin magana kamar ɗan gida. In hakan ta faru akwai layin 292 na Hukumar Tsaron Intanet.

Ba ki tambaya ba amma tunda kin zo asibiti a duba ki duka. Dokar Ƙwadago ta 2003, Act 651, tana bin ma'aikaci har ɗakinsa. Awa 8 a rana ko 40 a sati, abinda ya haura obataim ne da ake biya, ga hutun shekara aƙalla kwana 15 na aiki. Na san yadda lokacin Umrar azumi yake, kastoma ya turo saƙo ƙarfe sha ɗaya na dare kuma ana so a amsa nan take, wani ma bayan sahur. Wannan aiki ne, ki sa a riƙa rubuta awanni ko ki raba musu dare kowa da ranarsa. Ina ma zargin gajiya tana da hannu a kuskuren nan, ki duba ƙarfe nawa aka tura hoton. Ki kuma rubuta wa kowa a takardar aikinsa inda zai riƙa aiki da lokutan aiki, don ranar da wani ya ji rauni a gida abinda dokar diyyar ma'aikata ta 1987 take dubawa shine ko raunin daga aikin ya taso kuma a cikin aikin, takardar nan ce za ta raba gardama. SSNIT, wato asusun fanshon ma'aikata, da harajin albashi kuwa ba su canja ba, na SSNIT ɗin kashi 13 daga gare ki kashi 5.5 daga albashinsa, kar wani ya ruɗe ki cewa tunda suna gida ki daina biya ki ce masu zaman kansu ne. Wanda zai tsallaka Lome ko Yamai ya zauna can yana miki aiki, wannan sai da izininki a rubuce kuma ki ga mai lissafin haraji tukuna, don harajin waccan ƙasar na iya shigowa.

Ita kuwa yarinyar, ni dai ban ga kora ba. Aiki kika ba ta ba tare da kayan aiki ba, ba kuma wata ƙa'ida a rubuce da za ki ce ta karya, in ta kai ki Hukumar Ƙwadago ta Ƙasa abinda za a fara tambayarki kenan. Ki zauna da ita, ki ji ta bakinta, ki ba ta takardar jan kunne in kin ga ya dace. Amma ki lura da abu ɗaya, ita ta zo ta gaya miki ko sai da Alhaji ya iso kika ji? In ɓoyewa ta yi to tsoronki ne ya sa, kuma sauran huɗun suna kallon abinda za ki yi mata. Kika kore ta, wanda aka sace wa waya gobe zai yi shiru ya siyi wata a kasuwar Adum ya ci gaba kamar ba a yi ba. Ki gaya musu a fili, duk wanda ya kawo rahoton kuskure ko ɓatan waya a ranar ba za a taɓa albashinsa ba, ɓoyewa ce take jawo hukunci.

Ranar Asabar ki tara su biyar ɗin a ofis kowa da wayarsa, su da kansu su kwashe fasfo da Ghana Card na kastomomi zuwa ma'ajiyar kamfani su goge a gabanki har da kwafin Google, ba sai kin karɓi wayar kowa kin bincika ba. Shi kuma Alhaji ki je gidansa da ƙafarki da takardar a hannu, kar ki aiki ɗanki, ki ɗan bari sai bayan la'asar ya huce.