Shin 'yan cin rani ne ke karya mana kuɗin ƙwadago?

Tambaya: Malam, ni ɗan ƙwadago ne a Kura. Da zarar lokacin tsinkar tumatir ko yankan shinkafa ya zo, sai 'yan cin rani daga Nijar su cika gari, su karɓi jinga a kan kuɗin da mu ba za mu yarda ba. Anya ba su ne ke talauta mu ba?

Amsa: Ɗan'uwa, kukanka yana da tushe. Idan mutum goma suka tsaya bakin gona da sassafe, mai gona kuwa biyar yake nema, dole farashi ya sauka. Baƙon da ke kwana a zaure, bai bar iyali suna jiran cefanen yau ba, ya fi ka iya haƙura da kaɗan. Wannan matsin a kanku yake faɗawa, ku masu aiki iri ɗaya da nasu, kuma yana damuna.

Amma aiki ba tuwo ne a akushi ba, da in hannu ya ƙaru loma ta ragu. Ka dubi fadamun Kadawa da ruwan Tiga ke shayarwa. Tumatir in ya nuna ba ya jira, kwana kaɗan ya ruɓe a kan kunya. Manomin da ya rasa masu tsinka bana, baɗi sai ya rage gona. Daga nan mai saƙa kwando, da direban da ke lodi zuwa Legas, da dillali, da mai sayar da taki, kowa ya ji a jikinsa. Shi kansa baƙon yana cin abinci a gari, ya sayi atamfa da takalma kafin ya koma Damagaram.

An taɓa gwada kora. A Janairun 1983, bayan farashin ɗanyen mai ya faɗi a kasuwar duniya, gwamnatin Shehu Shagari ta kori baƙin da ba su da takardu, sama da miliyan ɗaya suka fita, akasarinsu 'yan Gana. Tattalin arziki bai farfaɗo ba, domin ciwon daga mai yake. Haka ma, da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, ka tambayi masu zuwa kasuwar Alhamis ta Maigatari yadda kara ta yi shiru. Sai a Maris 2024 aka buɗe.

A ganina babban abin da ke cin guminka shi ne tsadar kwanon masara, wadda ta tsere wa kuɗin yini. Abin da ke hannunku kuwa, ku zauna da Sarkin Noma da mai unguwa tun kafin kaka, ku tsayar da kuɗin jinga ɗaya na kowane kwando da kowace kadada. Ku kira shugaban 'yan cin ranin ya zauna a wurin, domin da naira ta faɗi a gaban sefa, su ma abin da suke komawa da shi gida ya ragu.