Wane wasa ne ba ya tsufa a hannu?

Tambaya daga wani ɗan makaranta a Tawa: "Salamu alaikum Yaya. Na daɗe ina tara kuɗi har na samu na sayi PS2 okaziyon, ina da talho Android ma. Damuwata ita ce duk wasan da na samo sati biyu na ƙare shi, daga nan sai ya zama kaya kawai, kuma kuɗin forfe sun fi ƙarfina. Don Allah waɗanne wasanni ne mutum zai yi ta maimaitawa bai gaji ba?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Wallahi tambayarka ta yi mani daɗi, don shekara da shekaru ina riƙe da ɗakin wasa nan Yamai ina kuma gyaran manet da mashin, kuma abin da ka faɗa shi ne nake gani kullum, yaro ya zo da zumuɗi ya sayi wasa saboda hoton da ke bayan kwali, bayan kwana goma ya dawo yana neman wanda zai yi musaya da shi.

Kafin in kira maka suna ko ɗaya, je ka dubi tsofaffin da ke dara gindin bedi a unguwarku. Gurbi 30 ne a ƙasa, kowa da 'ya'yansa 12, wani da kara wani da tsakuwa. Dokar ba ta canza ba tun kakanninmu, amma za ka ga dattijo ya shekara arba'in yana yinta bai ce ya ƙare ta ba. Mi ya sa? Don ba labari ake ba shi ba, kowace rana gurbin da abokin karawarsa zai sa kara daban ne, shi ma hannunsa ƙara gogewa yake. To haka wasan bidiyo yake. Wanda duk daɗinsa na cikin labari ne, ranar da ka ga ƙarshen labarin ya mutu. God of War na 2005 wasa ne mai kyau ƙwarai, ina son shi, amma in ka yi shi sau ɗaya ko biyu ka san bayan wace ƙofa dodo yake, shi ke nan. Wanda ke daɗewa shi ne wanda ko dai shi yana canzawa duk lokacin da ka kunna, ko kai kana canzawa, ko kuma akwai mutum zaune kusa da kai da manet ta biyu.

Tunda PS2 gare ka bari in fara da ita, kuma kar kowa ya raina maka ita don ta fito tun 2000, an sayar da fiye da miliyan 150 a duniya, har yau babu mashin ɗin wasa na gida da ya wuce ta. Abu na farko nemi PES 6, wasan bal na kamfanin Konami na Japan, wanda ya fito 2006. Na san yawancin 'yan wasan da ke ciki sun yi ritaya, Adriano na Inter da harbinsa na ƙafar hagu da Henri da Ronaldinyo, amma yadda bal ke tafiya cikin wanga wasa har yanzu mutane da yawa na ganin ba a yi kamarsa ba, ni ma ina cikinsu. Akwai wasu mutum biyu da ke zuwa wurina tun suna samari, yanzu kowa da iyalinsa, ɗaya tela ɗaya mai kabu-kabu, duk daren asabar bayan isha'i sai sun zo sun biya dala ashirin ɗinsu sun zauna, kuma kusan ekip ɗaya suke ɗauka kullum. Telan ya san in abokinsa ya shigo ta gefen dama sai ya yanke ciki, shi kuma mai kabu-kabun ya san an san shi, to sai ya yi kamar zai yanke ya wuce ta waje, sai ka ji telan ya buga cinya yana "kai, yau ka sake hali!" Wanga abu ba ya cikin sidi ɗin, tsakaninsu yake, shi ya sa ba ya ƙarewa. In kuma kai kaɗai ne, shiga Master League, ka fara da 'yan wasan nan marasa suna da ake ba ka, ka bi su kaka bayan kaka kana saye kana sayarwa har ka ɗauki kofi. Sai dai ka nemi kart memwar mai kyau, don in babu ita duk wahalarka ta tafi ranar da anka ɗauke kuran.

Na biyu, kuma shi ne na fi so in daɗe a kansa, Resident Evil 4 na Capcom, 2005. Za ka ce ai shi ma labari ne, Leon ya tafi wani ƙauye a Turai neman ɗiyar shugaban Amurka da anka sace. Gaskiya ne, amma waɗanda sunka yi shi sun gina shi ne don a maimaita. In ka ƙare karon farko sai a bar ka ka sake farawa da makamanka da kuɗinka, a buɗe maka nivo mai wuya da ake kira Professional, a buɗe maka Mercenaries inda ake ba ka ɗan lokaci kana neman maki, na PS2 ɗin ma har da ƙarin labarin Ada, wata 'yar leƙen asiri da ke cikin wasan. Kuma akwai wani abu da mutane da yawa ba su sani ba, wasan yana kallon hannunka a ɓoye, in kana mutuwa da yawa sai ya ɗan sassauta, in ya ga kana cin su da sauƙi sai ya ƙara masu zafi, to ko wuri guda ka bi sau biyu ba lalle ka tarar da shi yadda ka bar shi ba. Ga kuma akwatin kaya da ba ya ɗaukar komai da komai, dole ka zaɓa, kuma kuɗin da kake samu karon farko ba su isa ka gyara duk bindigogin da ke wurin ɗan kasuwar. Ni karon farko da bindiga mai watsa harsashi na dogara, na biyu na ce ƙaramar bindiga da wuƙa kawai sai in dole, sai na ga ashe wani wasa ne daban, na koyi harbin gwiwa in matso in yi shuri in adana harsashi. Amma ka sani akwai jini da ban tsoro a ciki, ba na ƙannenka ƙanana ba ne.

GTA San Andreas na 2004 kowa ya san shi, garuruwa uku ne da daji da hamada tsakaninsu, za ka iya shekara kana yawo. Na manya ne, akwai batsa da ashar a ciki, kuma a ganina yawancin masu cewa suna maimaita shi kod ɗin maguɗi kawai suke sawa suna ɓarna a titi, wanda bayan awa guda ya gundure ka. Ban sa shi sahun gaba ba.

Sai talho. Nan ne nake so ka buɗe kunne da kyau, don akwai bambanci tsakanin wasan da kake komawa don kana so da wanda ake jawo ka da igiya. Free Fire da PUBG Mobile da eFootball, wanda shi ne sabon sunan PES tun 2021, duk ana shiga kyauta, kuma ban ce ba su da daɗi ba, kowace karawa daban ce tunda da mutane kake yi. Amma an tsara su da kyautar kullum, in ba ka shiga yau ba ka rasa, ga kaya masu ƙarewa cikin kwana kaɗan, ga wanda ya sa kuɗi yana yawo da abin da ba ka da shi. Na ga yara suna hana cikinsu abincin rana don su sayi forfe saboda kar kyautar rana ta wuce su, abin yana ci mani rai. Gwajin da nake ba kowa mai sauƙi ne, kashe koneksiyon ka gani ko wasan zai buɗe, sannan ka bar shi sati guda ka gani ko kewarsa kake ji ko tsoron asara.

Wanda ya ci wanga gwaji tun kafin a haife ka shi ne Tetris. Wani injiniya a Mosko, Alexey Pajitnov, ya ƙirƙiro shi tsakiyar shekarun 1980, ya game duniya da Game Boy, ƙaramin mashin ɗin wasa na hannu, a 1989. Siffa bakwai ne kawai ke faɗowa, kana jera su, layi ya cika ya ɓace, gudu na ƙaruwa. Babu labari babu ƙarshe, dara ce tsakaninka da hannunka. Ka duba, a na tsohon mashin ɗin NES an daɗe ana ɗauka nivo 29 ita ce iyaka don ɗan adam ba zai iya bin gudun ba, sai matasa sunka ƙirƙiro sabuwar hanyar riƙe manet suna kaɗa ta da yatsu daga ƙasa, har a Disamban 2023 wani yaro Ba'amurke ɗan shekara 13, Willis Gibson, ya kai nivo 157 wasan ya tsaya cak. Fiye da shekara talatin mutane na wasa guda suna gano sabon abu a ciki.

In talhonka na da ɗan ƙarfi kuma ka samu wanda zai biya maka sau ɗaya, Minecraft ya cancanci kuɗinsa. Daga Suwidin ya fito, cikakkensa 2011, an sayar da fiye da miliyan 300, kuma duk sabuwar duniya da ka buɗe daban ake ƙera ta, ba ya buƙatar rezo in kai kaɗai kake yi. Tun 2022 sunka sa laka a ciki, kana haɗa ta da alkama ta yi tauri ka yi tubali, kamar dai yadda maginanmu ke cuɗa ƙasa da ciyawa. Ɗan yayata ya kwashe vakans guda yana gina masallacin Agadas da ita, yana duba hoto yana ƙirga itatuwan da sunka fito jikin hasumiyar, ya rushe ta sau uku don ƙasan bai yi faɗin da zai sa saman ya tsuke daidai ba. Ranar da ya gama ya kawo mani talhon hannunsa na rawa. Akwai kuma Dead Cells na wasu Faransawa a Bordo, 2018, in ka mutu ka koma farko amma ɗakuna da makamai sun canza, kuma in ka ci shi sai ka ƙara ma kanka wuya har mataki biyar.

Wata rana in Allah ya hore maka kwamfuta ka tuna da Civilization da Age of Empires II, wasannin gina daula, nan za ka tarar da tarihinmu, Askiya na Songai a Civilization V, Mansa Musa na Mali a IV da VI, Amina ta Zazzau a na VII da ya fito 2025.

Amma yanzu da abin da ke hannunka, kar ka sayi wasa biyar. Sayi PES 6 da Resident Evil 4, da kart memwar, ragowar kuɗin ka sa su a manet ta biyu mai kyau, ka duba analog ɗinta, 'yar sandar da ake juyawa da babban yatsa, ba ta ja gefe guda kafin ka biya. Da zafin Tawa kar ka aje mashin ɗin ƙasa kan tabarma, ɗora ta kan tebur inda iska ke shiga bayanta, ka riƙa rufe ta da ƙyalle in ka kashe saboda ƙura, don ƙurar nan ce ke kashe idon da ke karanta sidi. Sannan ka nemi aboki guda a fadarku wanda ya ɗan fi ka iya bal, ku tsaida rana guda a sati bayan kun gama karatu.