Bikin kanibal da ciyar da mabukata a garin Granville

Ka tambaya ko bikin kanibal, wato shagalin jerin gwano da ake yi a tituna kafin azumin Kiristoci, yana da wata alaƙa da sadaka a addinin Kirista, ko kuwa shagali ne kawai. Alaƙar tana nan, kuma garin Granville da ke gaɓar teku a yankin Normandi na Faransa ya isa misali.

Ana yin bikin ne a kwanakin da suka gabaci Larabar Toka, ranar da Kiristoci da dama ke fara azumin kwana 40, wanda cocin Katolika ya gina a kan addu'a da kame baki da ba da sadaka. A Granville kuwa, a zamanin da, wannan lokaci ya dace da tafiyar masunta zuwa tekun da ke kusa da Kanada, inda sukan shafe watanni, wasunsu ma ba sa dawowa. Saboda haka bikin ya zama na bankwana, a garin da ya san zawarawa da marayu.

A 1875 aka shirya shi a matsayin bikin taimakon mabukata, inda aka ware keke guda, irin amalanken da ake ƙawatawa, a cikin jerin gwanon domin tara wa talakawa kuɗi daga hannun 'yan kallo. A ganina wannan keken ya fi komai muhimmanci, domin yana sa mai nishaɗi ya tuna da maƙwabcinsa tun kafin azumi ya kama. Har yanzu ana ƙona mutum-mutumin sarkin bikin a tashar jiragen ruwa, kuma UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sanya bikin cikin al'adun gado na duniya a 2016.