Tambaya da Amsa: Yadda Aka Tsare Bakin Iyaka a Yaƙin 'Yancin Amurka

Tambaya: Malamai, a yaƙin neman 'yancin Amurka daga Birtaniya (1775 zuwa 1783), wa ke tsaron ƙauyukan bakin iyaka, kuma wane umarni ake ba su? Daga wani ɗalibin tarihi a Zariya.

Amsa: Sojojin Janar George Washington sun fi yawa a gabas, saboda haka tsaron yamma ya faɗa kan mazan gari, manoma da mafarauta. Ɗauki jihar Pennsylvania. Dokarta ta 1777 ta wajabta aikin soja a kan maza fararen fata masu shekara 18 zuwa 53. An kasa su aji takwas, ana kiransu bi da bi, kowane aji ya yi wata biyu. Wanda ya ƙi fita ya biya tara, ko ya kawo wanda zai tsaya masa. Kowace gunduma da jami'inta mai yin kira da raba makamai.

Umarnin kansa ba shi da tsawo. A kafa kafi na gungumen itace inda iyalai za su fake. A tura 'yan leƙen asiri, galibi bibbiyu, su bi mashigan kogi da hanyoyin daji suna duba sawu. A sa masu gadi lokacin girbi. A riƙa lissafin albarushi, dalma da ƙanƙarar bindiga, don su ne ke fara ƙarewa.

Inda abin ke lalacewa fa? Wata biyu ba ya isa. Kafin mutum ya san daji, wa'adinsa ya cika. Kira kuma yakan zo daidai da shuka ko girbi, sai maza su sulale gida. Bindigogin farautarsu bakinsu ba ɗaya ba ne, kowa sai ya ƙera harsashinsa, ga jinkirin ɗuri.

Mafi muni shi ne fita fili da gaggawa. Ranar 3 ga Yuli 1778, a kwarin Wyoming da ke Pennsylvania, Kanar Zebulon Butler ya fito da mutanensa daga kafin Forty Fort maimakon jiran ɗauki. Mayaƙan Birtaniya da na Seneca, wata ƙabila ta 'yan asalin Amurka, suka yi musu ƙawanya, aka kashe fiye da 200. Haka aka yi wa mayaƙan Kentucky kwanton ɓauna a Blue Licks a 1782.

Kada kuma a manta, ƙasar da ake kira iyaka ta 'yan asalin wurin ce. Rashin tsawatarwa ya sa a Maris 1782 mayaƙan Pennsylvania suka kashe 'yan ƙabilar Lenape Kiristoci 96 a Gnadenhutten, mutanen da ba su ɗauki makami ba.